Ƙera Samfurin Ƙwaƙwalwa Don 'Yan Aji Shida: Yadda Aikin Ke Tafiya

Litinin, 13 ga Janairu

A wannan zangon za mu shiga babin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma duk abin da ɗakin gwaje-gwajenmu ya mallaka a kan babin shi ne wani tsohon zanen bango da rana ta cinye launinsa. Samfurin roba da ake shigowa da shi ya fi ƙarfin aljihun makaranta, don haka zan ƙera namu. Sharaɗi ɗaya na gindaya wa aikin: dole ya zama mai buɗuwa. A raba babbar ƙwaƙwalwa gida biyu, a zare ƙaramar, a zare karan da ke sauka ya haɗe da laka. Zanen littafi bayan abu kawai yake nuna wa yaro, alhali sassan da ke riƙe da numfashi da bugun zuciya duk suna ƙasa, a lulluɓe.

Ƙwaƙwalwar baligi tana kai kilo 1.3 zuwa 1.4, tsawonta daga goshi zuwa ƙeya kamar santimita 16 ko 17, faɗinta wajen 14. Zan ninka awon sau biyu don na bayan aji ma su hango. Shugaban makaranta ya amince da ₦25,000.

Asabar, 18 ga Janairu

Na je wurin Baba mai tukwane da awona a takarda. Ya duba ya ce, "Malam, da wannan hunturun? Abu mai kauri haka ba ya son iska." Ya ce a rarake cikin, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya bushe a ɗaki a hankali. Haka muka yi. Dama rarakewar ta zama dole, domin idan ka ninka abu sau biyu ta kowace fuska, cikinsa sau takwas yake ƙaruwa, kuma yumɓun da zai cike wannan girman ya fi kilo 15. Mun gina ɓarin dama da na hagu. Yumɓu da ladan Baba, ₦1,000.

Laraba, 22 ga Janairu

Duk da buhun, sun tsage. Na hagu ya dare tun daga sama har gindi, na dama kuma ɓangaren saitin kunne ne ya ɓalle gaba ɗaya, domin nan ne yumɓun ya fi sirantaka kuma a rataye yake. Baba ya ce ko da sun tsira daga iska, ba lallai su tsira daga wutar gashi ba, tunda kaurin ba ɗaya ba ne. Na kuma lura da wani abu: ko da sun yi kyau, tukunya ce, ranar da ta kuɓuce daga hannun ɗalibi ranar ta ƙare.

Ban zubar da su ba. Na manne tsagar da sabon yumɓu, zan lulluɓe su da leda su zama ma'auni, in ɗora kwaɓin takarda da gam a kansu. Idan ya bushe sai in zare ɓawon.

Asabar, 25 ga Janairu

Kafin in ci gaba ina son in riƙe ƙwaƙwalwa ta gaske a hannuna, don haka na yi sammako zuwa kwata na sayi kan tunkiya tun ba a kai shi babbaka ba, ₦4,000. Ina tsakiyar yi wa mahaucin bayanin yadda nake son a buɗe, yaronsa ya riga ya sauke gatari. Haka suka saba, kuma ga mai miya ba wata asara. Ni kuwa abin da ya fito ba ya karantuwa: gatarin ya bi ta tsakiya a karkace, ƙasusuwa sun nutse ciki, karan ya tsinke ya maƙale a gindin ƙoƙo.

Amma taɓawar kaɗai ta biya kuɗin. Ɗanyar ƙwaƙwalwa laushinta kamar awarar da ba a soya ba, in ka ajiye ta a faranti sai ta baje da nauyin kanta. Wanda ya taɓa ta sau ɗaya ba sai an yi masa dogon bayani a kan dalilin da ya sa take cikin ƙoƙon ƙashi, tana iyo a ruwa ba. Ruwan nan a jikin mutum bai wuce mililita 150 a lokaci guda ba, amma jiki yana sabunta shi, yana samar da kusan rabin lita kullum.

Mahaucin ya ce in dawo Talata da zartona. Kan ya tafi gida, an yi farfesu.

Talata, 28 ga Janairu

Wannan karon mun bi a hankali. An feɗe fatar, na zagaye saman ƙoƙon da zarton yankan ƙarfe, ba na bari ya nutse, sannan muka ɓanɓare murfin da bakin cokali. Nan take ga tantani na farko, fari, mai tauri, manne da ƙashi. Sai da almakashi ya yanku. Ƙarƙashinsa akwai wani shara-shara, sai na uku da ke manne da naman ƙwaƙwalwar yana bin kowane lungu. Kumburin waɗannan tantani uku shi ne sanƙarau, wanda ya yi mana ɓarna a Arewa a 1996, kuma shi ya sa wuyan mai ciwon yake sanƙarewa, tunda tantanin ya sauka har laka.

Wahalar tana wajen cirowa: sai ka ɗaga gaban a hankali, kana tsinke jijiyoyin da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya, na ido su ne masu kauri, sannan ka yanke laka can ƙasa. Ta fito lafiya, sai ɗan rauni a gefe. A sikelin makaranta ta ɗan haura gram 100, wato wajen kashi ɗaya cikin goma na ta mutum.

Wani abokina ma'aikacin ɗakin gwajin asibiti ya taimaka min da famalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa, wanda aka sirka kashi 10 cikin 100, ya ce in rataye ta da zare a cikin kwalbar, kada ta zauna a gindi ta baje, in ba ta mako biyu. Famalin guba ne, warinsa yana sa hawaye, kwalbar tana cikin kabad a kulle. Kai ₦4,500, ruwan zarto ₦800, safar hannu da takunkumi ₦1,000.

Alhamis, 30 ga Janairu

Mai shayin bakin makaranta ya tara min tsofaffin kwalayen ƙwai. An jiƙa, an daka a tsohon turmi, an matse. Gam ɗin kafinta gwangwani ɗaya, ₦3,500.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na ɗora kwaɓin a kan ma'aunin biyu, kauri kamar santimita ɗaya. Gam bai isa ba, sai na ƙarasa ɓarin hagu da dafaffen sitaci. Suna kan benci kusa da taga.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ɓeraye sun gano sitacin. Ɓarin dama mai gam zalla ba su ko shinshina shi ba, na hagu kuwa sun yi masa rami a gefe, ƙasa-ƙasa ta wajen goshi, faɗin tafin hannun yaro, sun bar kashinsu a kan bencin. Da na ɗaga ɓawon kuma sai na tarar cikinsa bai bushe ba, ledar ta hana iska shiga, furfura ta fara fitowa. Wato waje ya yi ƙarau saboda hunturu, ciki yana nan danƙare.

Na kankare furfurar, na kife ɓawon biyu a rana cikinsu na kallon sama, na sayo wani gam, ₦3,500, na cike ramin. Daga yau da daddare a cikin akwatin ƙarfe suke kwana.

Abin dariyar shi ne inda ɓerayen suka ci. A nan ne a 1861 likitan nan na Faris, Paul Broca, ya tarar da rauni a ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya shekara da shekaru yana gane abin da ake faɗa masa amma ba ya iya furta komai sai "tan". Yau da sunan Broca ake kiran wurin. A 1874 kuma Carl Wernicke na Jamus ya bayyana akasin haka: rauni can baya, a saman ɓangaren saitin kunne, inda mutum ke zuba magana tiryan-tiryan amma ba kai ba gindi, kuma ba ya fahimtar ta wasu. A yawancin mutane duka biyun a hagu suke.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau aka yi aikin da ya fi cin rai, wato nannaɗe-nannaɗen saman ƙwaƙwalwa. Igiyar auduga na saya, ₦1,500, ana tsoma ta a gam ana kwantar da ita a kan ɓawon. Ɗalibai huɗu sun zo taya ni, kuma da farko so suka yi su murɗa igiyar yadda ta ga dama. Na hana. Ƙananan lanƙwasa sun bambanta daga mutum zuwa mutum, amma manyan kwaruruka suna da mazauninsu, kuma su ne iyakokin sassan.

Biyu muka fara ja da alli. Na farko ya taso daga tsakiyar kai ya gangaro gefe, ya ɗan karkato gaba. Duk abin da ke gabansa ɓangaren goshi ne, na bayansa ɓangaren tsakiyar kai. Na biyu ya kwanta a gefe, mai zurfi, ya ware ɓangaren saitin kunne a ƙasa, inda ake ji da gane magana. Ɓangaren ƙeya, mai gani, ba shi da wata iyaka bayyananniya ta waje, sai an duba ta ciki. Yaran sun yi mamakin cewa ido yana gaba amma can ƙeya ake gani.

Igiyoyi biyu na kwantar da hannuna, wadda ke gaban kwarin farko da wadda ke bayansa. Ta gaba ita ke ba gaɓoɓi umarnin motsi, ta baya ita ke karɓar labarin taɓi daga fata. Wilder Penfield, likitan tiyata a Montiriyal ta Kanada, ya bi su da ɗan tsinken lantarki a kan majinyatan da idonsu biyu, domin naman ƙwaƙwalwa shi kansa ba ya jin zafi. Ya tarar jikin a kife yake: ƙafa tana can sama har ta leƙa cikin tsagar tsakiya, fuska da harshe suna ƙasa. Rabon kuma ba daidai ba ne. Hannu da leɓe sun kwashe fili mai yawa, gadon baya duk faɗinsa ɗan kaɗan ya samu. Na gwada musu da tsinke biyu: a kan ɗan yatsa suna jin biyu ko da sun kusa haɗewa, a baya kuwa sai na ware su sosai kafin su daina cewa ɗaya ne.

Igiyar tana da aibi guda. Kwarin da take bayarwa ba zurfi, alhali a gaskiya kusan kashi biyu cikin uku na ɓawon ƙwaƙwalwa a cikin kwarurukan yake ɓoye, kuma kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne kacal. Wannan sai ta tunkiya ta nuna.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ƙwaƙwalwar tunkiyar ta kwana a ruwa don warin ya ragu, yau muka yanka ta a gaban aji, tagogi a buɗe. Ta yi tauri, launinta ya koma toka-toka. Kafin wuƙa na sa su duba bambanci: ta tunkiya doguwa ce, karanta ya miƙe baya tunda da ƙafa huɗu take tafiya, namu ƙasa ya nufa. Ƙullutu biyu na jin ƙamshi da ke gabanta manya ne, namu 'yan mitsi-mitsi.

Da reza ta raba ta tsakiya sai ajin ya matso. Ga farar gadar da ke haɗa dama da hagu, wadda a mutum take ɗauke da zaren jijiya kusan miliyan 200. Ƙarƙashinta ga talamus a dunƙule, inda saƙon gani da ji da taɓi da ɗanɗano ke yada zango kafin ya hau sama. Ƙamshi ne kaɗai ke wucewa ba tare da ya fara biyawa ta nan ba. Ƙaramar ƙwaƙwalwa kuwa da aka yanka ta, farin cikinta ya fito reshe-reshe, har wata ɗaliba ta tambaya ko ni na zana shi. Wani yanka na gicciye ya nuna musu siririn ɓawon mai ruwan toka yana nutsawa cikin kowane kwari, fari na ciki.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ƙananan sassan da fiyofi, farin garin nan mai daskarewa da ake silin da shi, na yi su a kan ƙashin waya, ₦2,000. Ƙaramar ƙwaƙwalwa na ja mata layuka sirara da cokali mai yatsu tun kafin ta daskare. Nauyinta kashi 10 cikin 100 ne na duka, amma a ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel ta Burazil da abokan aikinta suka fitar a 2009, cikin ƙwayoyin jijiya biliyan 86 da ke kan mutum, kusan biliyan 69 a nan suke, babban ɓawon da muke ta yabo biliyan 16 ya samu. Ba ita ke ba da umarnin motsi ba, gyara shi take yi: daidaiton tsayuwa, kai loma baki ba kuskure, riƙe keke. Tangaɗin mashayi daga nan yake.

Karan kuwa hawa uku ne: tsakiyar ƙwaƙwalwa a sama, fons mai ƙoƙon ciki a tsakiya, medula a ƙasa. Medula ba ta wuce santimita 3 ba, amma numfashi, bugun zuciya, haɗiya, tari da amai duk a hannunta suke. A gabanta na yi tudu biyu dogaye, na zana inda suka gitta juna, domin a nan ne yawancin jijiyoyin motsi ke tsallakawa ɗaya gefen. Cikin jijiyoyin kai guda 12 na kowane gefe, 10 daga karan nan suke fita. Da guntayen waya zan nuna su.

Matsalar yau: karan ya ƙi shiga. Ɓawon takardar ya tsuke da ya bushe, wajen santimita ɗaya da rabi a faɗi, fiyofi kuwa ba ya tsukewa, kuma da awon farko na yi shi. Ɓarin biyu ba sa haɗuwa idan yana ciki. Ko in sake zubi, ko in ci shi da samfefa. Samfefa na zaɓa.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Gurza, gurza, har gashin gira ya yi fari. Ya shiga. Kafinta ya yi mazauni ya dasa sandar da karan zai hau, ₦3,000, ya kuma ba da shawarar maganaɗisun ƙofar kabad don riƙe ɓarin biyu, ₦2,400.

Na ƙera hifokamfus, sashen da ke sa sabon abu ya zauna a kai, guda ɗaya mai zaruwa daga cikin ɓangaren saitin kunne na hagu. Dalilina labarin Henry Molaison ne, wanda aka cire wa yawancin nasa na gefe biyu a 1953 a Amurka don maganin farfaɗiya, yana ɗan shekara 27. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma har ya rasu a 2008 sabon abu ba ya zama a kansa. Wata masaniyar ƙwaƙwalwa, Brenda Milner, ta sa shi bin zanen tauraro yana kallon madubi, kullum hannunsa na ƙara ƙwarewa, shi kuwa bai tuna ya taɓa yi ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Fenti ƙananan gwangwanaye, ₦6,000. Shafin farko ƙura ta lalata shi, ya yi kaushi, sai da aka gurje aka sake a ɗaki, ƙofa a rufe, ƙasa a yayyafe da ruwa.

Na daɗe ina jinkirin launukan nan. Masu jarrabawar WAEC da NECO suna son yaro ya nuna sashe ya faɗi aikinsa, kuma launi yana taimakawa. Amma launi yana koya wa yaro cewa kowane aiki yana da gidansa shi kaɗai, wanda ba haka ba ne. Karanta layi ɗaya da ƙarfi yana tashin ƙeya, da saitin kunne, da goshi, da ƙaramar ƙwaƙwalwa, da karan da ke juya harshe da numfashi. Abin da na yi: ɓarin dama ya sha launi huɗu, na hagu na bar shi da launinsa na toka, sai ɗigo a wurin Broca da na Wernicke da igiyoyin nan biyu.

A ɓangaren goshi zan ba su labarin Phineas Gage, shugaban leburorin titin jirgin ƙasa a jihar Bamont ta Amurka, wanda a ranar 13 ga Satumba 1848 nakiya ta harba wani ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu ya fita ta saman kai. Ya rayu, yana magana yana tafiya, amma likitansa John Harlow ya rubuta cewa halinsa ya sauya, ba haƙuri, ba tsayawa a kan shawara. Masu ba da labarin sukan ƙara gishiri, su mai da shi tamkar ya lalace har abada, su manta cewa daga baya ya yi shekaru yana tuƙin keken dawaki a ƙasar Chile kafin ya rasu a 1860.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

An shiga aji da shi. Maganaɗisu ɗaya ya ɓalle a buɗewa ta farko, ya taho da guntun takarda, sauran darasin da roba aka ɗaure.

Wani ɗalibi da ba ya cika magana ya ɗaga hannu: "Malam, kakana ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye, kuma maganarsa ta ɗauke. Me ya haɗa hannu da baki?" Na ce ya fito. Na sa ya ɗora yatsa a kan igiyar motsi ta hagu, saitin hannu da fuska, ya matsa gaba kaɗan, sai ga shi a kan ɗigon Broca. Maƙwabta ne, kuma babbar jijiyar jini ɗaya ce ke bi ta kwarin gefe tana ciyar da su. Ta toshe ko ta fashe, duka biyun sun tafi. Sannan na zare karan, ya ga inda hanyoyin suka gitta, ya gane dalilin da ya sa ciwon yana hagu amma dama ce ta shanye. Na ƙara musu cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo wannan, kuma idan baki ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta harɗe, asibiti ake nufa a take, ba a jiran gari ya waye.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Lissafi ya kama ₦33,200, wato ₦8,200 daga aljihuna. Zan kai rasit ofis.

Haifotalamus, ɗan sashen da ke ƙarƙashin talamus, ban gama ba. A jikin mutum bai kai gram 5 ba, ko a ninke ɗan ƙaramin abu ne, kuma sau da yawa yana karyewa a wurin da fituwitari, ɗan ƙullutun da ke sakin sinadarai cikin jini, ke rataye. Ina son ya kammala a makon farko na azumi, domin shi ke auna gishirin jini ya tayar da ƙishirwa, ya sa fituwitari ya saki sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, abin da kowannensu zai gani a launin fitsarinsa da la'asar. Da itace zan sassaƙa shi wannan karon.

Sauran aiki: a dasa maganaɗisun a kan ƙananan katakai a binne su cikin ɓawon, a shafa banish, a saka wayoyin jijiyoyin kai. Zango mai zuwa, in Allah ya kai mu, jijiyoyin jini da jan zare, da rabin ƙoƙon kai na ƙwarya don darasin hular kwano, tunda rabin samarin ajin suna hawa babur. Mai ƙwarya ya ce mai wannan girman sai an yi masa cigiya a ƙauye.